Ɗora wa Tsohuwar Mota Sabon Inji da Giya ta Biyar: Nazari a Kan Kanikanci da Hausar Gareji

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo darasin sana'o'in Hausawa, bisa al'ada akan tsaya ne a kan ƙira da jima da dukanci da saƙa da rini da sassaƙa. Wannan ba laifi ba ne, domin kuwa su ne tushe. Sai dai yaron da malami zai tarar a aji a yau, musamman a gari irin Zariya, ya fi sanin gareji a kan maƙera. Wani ma da zarar an tashi daga makaranta can yake zarcewa, ya tuɓe rigar makaranta ya sa ta aiki, ya shiga ƙarƙashin mota yana miƙa wa maigidansa sifana. Malamin da ba shi da abin cewa game da wannan sana'a da Hausa, ya bar ɗalibansa da zaton cewa harshen na tatsuniya da karin magana ne kawai, in an zo maganar ƙarfe da lissafi sai ya ja da baya.

Saboda haka wannan darasi zai ɗauki aiki guda daga cikin ayyukan kanikanci ya bi shi daki-daki, wato sauke tsohon inji daga tsohuwar mota a ɗora mata wanda ya fi shi ƙuruciya, tare da giyabos mai giya ta biyar. An zaɓi Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama abin misali, an kuma ɗauka cewa mai ita mazaunin cikin birnin Zazzau ne, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Ana so ɗalibi ya fara fahimtar aikin shi kansa, domin wanda bai fahimci abu ba, ba ya iya bayyana shi da kowane harshe. Bayan haka ne za a dubi kalmomin da masu aikin ke amfani da su.

2.0 Motar da Muhallinta

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta a matsayin motar shekara a Turai. Abin da ya mayar da ita 'yar gida a Nijeriya shi ne masana'antar harhaɗa motoci ta Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. A zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, gwamnati ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, sai Fijo ta zama motar manyan ma'aikata. Daga nan ta bazu: salun ga ma'aikaci da attajiri, wagon ga direban haya, akori-kura ga mai ɗaukar kaya. A Faransa an daina ƙera salun da wagon a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000.

Akwai abubuwa a ƙirar wannan mota da ya wajaba a riƙe, domin a kansu ne dukkan wahalar aikin take. Injinta yana kwance ne bisa tsawon motar, daga gaba zuwa baya, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Injin ba a miƙe yake ba, a kishingiɗe yake wajen dama da digiri 45, abin da ya ba da damar yin bonet mai ƙasa-ƙasa. Wanda aka fi sani a cikin injunanta shi ne mai girman cc 1,971, wato kusan lita biyu, mai fistin huɗu da kafireto. Kowane fistin yana hawa da sauka ne a cikin wani bututun ƙarfe da ake iya zarewa a sa sabo, shi ya sa ake iya sabunta injin sau da yawa ba tare da an jefar da shi ba. Sannan farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ba a fili take ba kamar ta yawancin motoci. A cikin wani ƙaƙƙarfan bututu take juyawa, wanda aka ɗaure kansa ɗaya a giyabos, ɗayan kuma a aksul, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya.

Ƙofar Kuyambana kuwa ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kibo da Ƙofar Kona. Ga mai mota, ƙofar birni iyaka ce tsakanin tuƙi iri biyu. Daga ciki akwai ƙananan hanyoyi da lunguna, ga babura da Keke Napep, ga yara da awaki, ta yadda da wuya direba ya wuce lamba uku. Daga waje kuwa, ba a jimawa ake hawa babban titin da ya haɗa Kaduna da Kano, inda mota kan yi sa'a guda tana gudu ba tsayawa. Tambayar farko da bakanike na gari zai yi wa mai mota ita ce, a wane ɓangare na ƙofar motar ta fi yin rayuwarta? Amsar ita ke nuna ko aikin ya cancanci kuɗinsa.

3.0 Dalilan Sauya Inji

Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motoci da injunan da aka riga aka yi amfani da su a Turai. Da yake da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam ake loda su, wasu kuma a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake sauke su, sai sunayen wuraren suka zama sunan kayan. A yau in an ce “injin Beljiyam ne”, ana nufin na hannu ne daga waje, ko da daga Japan ya fito. Irin waɗannan injuna ana samun su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas, da kuma shagunan kayan gyara na Sabon Garin Zariya.

Inji yakan kai matsayin da gyara ba ya riƙe shi: an sa ringi sau uku ko huɗu, an sassaƙe karanshaf har ba sauran abin sassaƙa, ga kayan gyara na jabu sun cika kasuwa. Ga kuma tsadar mai. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a jihohin Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Motar da a da ake yafe mata shan mai saboda ƙwarinta, sai ta zama kaya a wuyan mai ita.

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan aiki ba. A birnin Habana na ƙasar Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 sun ci gaba da ɗaukar fasinja shekaru da dama bayan takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a farkon shekarun 1960 ya yanke musu kayan gyara, da yawansu kuma da injunan dizal na wasu ƙasashe suke tafiya. Wannan larura ce. A Amurka kuwa sha'awa ce: mutum ya sayi motar zamanin ƙuruciyarsa ya ɗora mata injin zamani, irin jerin injunan LS da kamfanin General Motors ya fara fitarwa a 1997. A Zariya ana samun duka biyun. Akwai direban wagon da abincin iyalinsa ke jikin motar, akwai kuma magajin da ya ƙi sayar da Fijon mahaifinsa, yana so ya riƙa zuwa Kaduna da ita ba tare da fargabar kwana a hanya ba.

4.0 Ma'anar Giyar Zarce

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar giya ita ce a dubi keken ɗinki na ƙafa. Tela yana taka babbar ƙafar da ke ƙasa, igiya ta haɗa ta da ƙaramar da ke sama. In babbar ta juya sau ɗaya, ƙaramar ta juya sau da yawa. Da za a juya lamarin, ƙaramar ta zama ita ke jan babbar, da gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Giyabos ba wani abu ba ne illa akwati mai ɗauke da haƙoran ƙarfe manya da ƙanana, wanda ke ba direba damar zaɓar wanne zai ja wanne.

A lamba ɗaya, inji yakan juya tsakanin sau uku da rabi zuwa huɗu kafin farfela ta juya sau ɗaya. Ƙarfi ke nan mai yawa da gudu kaɗan, abin da ake bukata wajen tayar da mota daga tsaye. A haka tazarar ke raguwa har a kai lamba huɗu, inda inji da farfela ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, juyi ɗaya a bakin juyi ɗaya. A nan giyabos mai giya huɗu ya ƙare. Giya ta biyar kuwa ita ce wadda farfela ke wuce inji: injin ya yi kamar kashi takwas cikin goma na juyi, farfela ta riga ta cika juyi guda. Direbobi “lamba biyar” suke ce mata, amma wannan suna matsayinta kawai ya faɗa, bai faɗi aikinta ba. Don haka a wannan darasi za a kira ta giyar zarce, tun da a cikinta farfela ke zarce inji.

Ga lissafi na misali. A ɗauka mota tana gudun kilomita 100 a sa'a a lamba huɗu, injinta yana juyi 3,500 a minti ɗaya. In aka sa giyar zarce mai 0.8, sai a ninka 3,500 da 0.8, a sami 2,800. Gudun motar bai canza ba, amma an rage wa inji juyi 700 a kowane minti. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, wato tafiyar minti 48 a wannan gudu. In aka ninka 700 da 48, za a ga an sauƙaƙa wa injin juyi 33,600 a zuwa kaɗai. Kowane juyi kuwa gogayya ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma zuƙar mai ce. Sakamakon shi ne ƙarancin ƙara da zafi da lalacewa, da kuma sauƙin mai.

A nan ne ake yawan yin kuskure, ana zaton tun da juyi ya ragu da kashi 20 cikin 100, mai ma zai ragu da haka. Ba haka ba ne. Nauyin mota yana nan, iskar da take kutsawa tana nan, kuma su ne ke cin mafi yawan ƙarfin. Ragin da ake samu bai kai haka ba. Har ila yau giyar zarce ba ta da ƙarfin ja. In aka sa ta a kan tudu, ko wagon ta yi lodin fasinja da buhuna, sai inji ya riƙa nishi, direba ya ƙara danna totur, man da ake son tsimi ya tafi. A cikin ganuwa kuwa ba ta da ranar amfani ko kaɗan. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga Ƙofar Kuyambana zuwa kasuwar birni ko Tudun Wada ba, in ya sayi giya ta biyar ya sayi abin da ba zai taɓa sawa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Borg-Warner ya fito da ita a motocin Amurka a 1934, kamfanin Laycock kuma a Ingila daga baya. A wancan lokaci wani ƙaramin akwati ne dabam da ake liƙawa a bayan giyabos. Bayan tashin farashin mai na duniya a 1973 ne masu ƙera motoci suka mayar da hankali ga saka ta a cikin giyabos ɗin kansa.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Aikin

Ga misalin irin zancen da akan yi a gareji kafin a kwance ko noti ɗaya:

Mai mota: Malam, so nake a sauke wannan injin a ɗora mata na Toyota. An ce ba ya shan mai.

Bakanike: Ranka ya daɗe, ɗorawa ba wuya. Amma tun da motan Baba ne, bari in faɗa maka gaskiya. In na kawo wancan, giyabos ɗinta ba zai karɓe shi ba, sai nasa. In nasa ya shiga, farfela ba za ta kama ba. In kuwa na taɓa farfela, na taɓa ƙafan baya.

Mai mota: To, ina ƙarshen abin?

Bakanike: Ƙarshensa yana aljihunka, Alhaji.

Abin da bakaniken ke nufi shi ne aikin sarƙa ne, kowane sauyi yana janyo wani. Tsawon sarƙar kuwa ya danganta ne da inda aka samo injin.

5.1 Injin Dangi

Hanya mafi gajarta ita ce a tsaya a cikin gida. Peugeot 505, wadda ta fito a 1979, ita ma an harhaɗa ta a Kaduna, wasu nau'o'inta suna amfani da inji iri ɗaya da na 504, da yawansu kuma giya biyar gare su. Injin a kishingiɗe yake kamar na ainihi, saboda haka zai zauna a mazauninsa ba tare da yanke-yanke ba. Duk da haka akwai aiki. Giyabos mai giya biyar ya fi mai huɗu tsawo, don haka farfela da bututunta sai an sami waɗanda suka dace, ko a rage musu tsawo. Wannan aiki ne na mai injin sassaƙa ƙarfe, ba na mai walda na bakin hanya ba, domin sandar da ke juyi dubbai a minti ɗaya, in ta karkace ko da kaurin farce ne, sai mota ta riƙa kakkarwa har ta cinye abin da ke riƙe da ita. In kuma motar ta farko ce mai sandar giya a jikin sitiyari, sai an huda daɓen motar an dawo da sandar ƙasa.

5.2 Baƙon Inji

Yawancin injunan Beljiyam da suka cika kasuwa daga motocin da tayoyin gaba ke ja aka ciro su, irin su Golf da Corolla da Peugeot 406. Waɗannan a gicciye suke kwanciya, giyabos ɗinsu ba shi da mafitar farfela ta baya, saboda haka ba a ɗaukar su yadda suke a sa wa Fijo. Wanda ya fi kusa da dacewa shi ne na motar da baya ke turawa, kamar Hiace da Hilux. Amma shi kuma a miƙe yake, ba a kishingiɗe ba. Sai an auna ko bonet zai rufu, a auna ko kwanon baƙin mai da ke ƙasansa zai tsallake ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba da kayan sitiyari, sannan a ƙera masa sababbin mazaunai.

Babbar matsalar tana baya. An ambata cewa farfelar Fijo a cikin bututu take. A wagon, wannan bututu ba kariya ce kawai ba, shi ne ke riƙe da aksul kada ya yi gaba ko baya, kuma ta jikinsa ne turin tayoyi ke isa ga gangar jikin motar. Giyabos na Toyota ba a yi shi don a ɗaura masa irin wannan bututu ba. Wanda ya cire bututun ya sa farfela a fili, bai kuma ƙera wasu sanduna da za su karɓi aikin riƙon ba, ya bar ƙafar baya tana lilo. Mota za ta tashi, za ta fita daga gareji lafiya lau, mai ita ya biya yana murna. Aibin ba zai bayyana ba sai ranar da aka taka birki da ƙarfi a kan babban titi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Shi ya sa wasu kanikawa kan gwammace su bar giyabos na Peugeot, su sa a sassaƙa faifan ƙarfe da zai haɗa shi da baƙon injin. Nan ma sai tsakiyar inji da tsakiyar giyabos sun yi daidai wa daida, in ba haka ba kuloci ba zai yi ƙarko ba.

5.3 Abubuwan da Ke Biyo Baya

Injin zamani mai injekta ba ya aiki sai da ƙwaƙwalwarsa, wato ƙaramar kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos, tare da wayoyinta da na'urorin da ke kai mata rahoton zafi da iska da juyi. Wasu ma ba sa tashi sai da makullinsu na ainihi. Wanda ya sayo inji tsirara, bai haɗo da waɗannan ba, rabin inji ya saya. Haka kuma injekta tana bukatar famfon mai da matsinsa ya ninka na kafireto kusan sau goma, don haka tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba, kuma tiyon da ya fashe a kusa da salansa gobara ce.

Akwai al'adu biyu da suka daɗe a garejin Nijeriya waɗanda ke rushe amfanin aikin gaba ɗaya. Ta farko ita ce cire injekta a mayar da inji kafireto, don shi bakanike ya fi sani. Ta biyu ita ce cire tamostat, wato ɗan makullin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa ƙasar zafi ce. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, ƙwaƙwalwarsa takan ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Maganin zafi shi ne lagireto mai tsabta wanda girmansa ya dace da injin.

Maleji ma daga giyabos yake karɓar lissafinsa. In an sauya giyabos, yana iya nuna 100 alhali motar tana 115. Wannan ya kawo maganar birki, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci kuma ita aka fi mantawa. Ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 100 zuwa 120 ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, daga 100 zuwa 140 kuwa ya kusa ninki biyu. Giyar zarce tana kwantar da ƙarar inji, direban da ya saba auna gudu da kunne sai ya wuce kima bai sani ba. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 100 a sa'a ga ƙananan motoci na gida a kan babban titi mai hannu biyu, 90 ga tasi da bas. Saboda haka kuɗin birki da shakazoba da tayoyi, a cikin kuɗin inji ya kamata a lissafa su tun farko.

Daga ƙarshe akwai takardu. Takardun mota suna ɗauke da lambar inji da lambar gangar jiki. Wanda ya sauya inji ya karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar sabon, ya kuma je ofishin lasisi a gyara, don kada wata rana a shingen bincike a tuhume shi da injin sata.

6.0 Riba da Hasara

Motar da aka yi wa aikin da kyau takan tashi da bugu ɗaya, ta yi doguwar tafiya ba tafasa, ta rage shan mai. Amma ta rabu da wani abu. Tsohon injin Fijo, duk bakaniken da ke bakin hanya tsakanin Zariya da Funtuwa zai iya tayar da shi da sifana da sukudireba. Mai ƙwaƙwalwa kuwa wani lokaci sai an nemo mai na'urar bincike. Masu tara tsofaffin motoci kuma sun fi daraja wadda ke ɗauke da injinta na ainihi, don haka magajin da ke riƙe da motar gado, ya fi masa ya adana tsohon injin a zaure da ya sayar wa 'yan gwangwan, ya kuma hana a yanke abin da ba za a iya mayarwa ba.

Hasarar da ba a cika lura da ita ba ita ce ta ilimi. Motar da aka haɗa daga gida uku ba ta da littafin kamfani. Wane faifan kuloci ne ya shiga, matatar mai ta wace mota ce, wace waya ce aka karkatar zuwa ina, duk a kan mutum ɗaya suke. Ranar da ya ƙaura ko ya kwanta dama, motar ta zama kacici-kacici. Maganin abin ɗan littafi ne da za a rubuta duk abin da aka yi, da boko ko da ajami, a ajiye a cikin motar. Yaron garejin da zai iya wannan rubutu, a ajin Hausa ya kamata ya koyo shi, kuma shi ne ainihin abin da ake nufi da rubutun bayani.

7.0 Hausar Gareji

Sunayen sassan mota kusan duk aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima bisa tsarin sautin Hausa. Da yake Hausa ba ta da /p/ a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, sai /f/ ta maye gurbinta a Fijo da fistin da fulogi da farfela. Da yake kuma ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa ba, sai aka saƙa wasali a tsakani, aka sami birki da kuloci da sitiyari. Jinsi ma an raba musu: giya da farfela da taya da salansa sun bi mata saboda sun ƙare da wasalin /a/, inji da kuloci da lagireto sun bi maza. Sun kuma shiga gidajen jam'i na Hausa, kamar injuna da tayoyi da motoci.

Kalmar bakanike ta fi kowace ban sha'awa. Da /m/ ta fara a harshen da aka aro ta, kuma har yanzu ana jin makaniki. Amma kunnen Bahaushe ya ji gaɓar farko kamar ɗafa-goshin ba- na Bakano da Bakatsine, sai ya yi mata jam'i irin na Kanawa da Katsinawa, aka sami kanikawa, daga nan kuma kanikanci. Haka nan an ga bakaniken da ke cikin hirar sama ya ce “motan Baba ne” da “ƙafan baya”. Wannan Zazzaganci ne, wanda ba ya tsananta bambancin jinsi, shi ya sa a bakin mutanen gari ake jin Ƙofan Doka da Ƙofan Kuyambana. Malami zai koyar da daidaitacciyar Hausa a rubutu, ba tare da ya nuna wa yaro cewa maganar gidansu kuskure ce ba.

Aikatau kuwa ba a aro su ba, kuma su ne ke ɗauke da bayanin. Mota tana shan mai, tana cin taya, tana tari, tana mutuwa, tana tashi. Inji yana bugawa, giyabos yana karɓa ko ya ƙi, noti yana kamawa. An ɗauki motar tamkar dabba mai rai, kamar yadda aka saba da doki. Siffofin aikatau kuma suna bambance matakan aiki filla-filla: a kwance, a kwanto, a zare, a zaro, inji ya sauka, a sauke shi, a sauko da shi.

Zariya ta daɗe da aikin samar wa Hausa kalmomin zamani, tun kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, kuma a 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. A fagen kanikanci, ƙa'idar da ta fi dacewa ga malami ita ce inda gareji ke da kalma, a ɗauke ta yadda take, kada a ƙirƙiro wa kuloci wani dogon suna da ba mai amfani da shi. Ƙirƙira sai inda aka sami giɓi, kamar yadda aka yi da giyar zarce a wannan darasi. Ita ma ba ta zama kalma ba tukuna, sai an kai ta gareji an ga ko masu aikin sun gane ta ba tare da dogon sharhi ba.

8.0 Aikin Ɗalibi

Ɗalibi ya ziyarci gareji mafi kusa da shi, ya gaida maigidan wurin, ya nemi izini kafin ya yi tambaya ko ya ɗauki murya, ya kuma zaɓi lokacin da aiki ya lafa. Ya tattaro sunayen sassan mota ashirin da aikatau goma yadda ya ji su, ya nuna jinsi da jam'in kowane suna.

Idan inji yana juyi 3,200 a minti a lamba huɗu, nawa zai yi a giyar zarce mai 0.85? A rubuta amsar da cikakkun jimlolin Hausa, ba da alƙaluma kaɗai ba.

A tsara darasin minti arba'in ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan yadda giya ke aiki, a yi amfani da keken ɗinki ko keken hawa a matsayin kayan koyarwa.

A gwada kalmar giyar zarce a kan kanikawa uku da direbobi uku, a rubuto abin da kowannensu ya fahimta, da sunan da shi yake kiran ta da shi.